Tagar Abla Damyana da Larabar Babana

Ranar da na fara ganin Abla Damyana, da an ba ni dama da na shaƙe ta. Yanzu kuwa duk zuwan da zan yi Alƙahira, kafin in sauke jaka a gidan ƙanena sai na hau benenta a Shubra na gaishe ta. Ni mace ce mai saurin hawa. Ɗalibaina na makarantar 'yan mata a garinmu Ƙuft, can kudancin Masar, sun sani, mijina ya fi su sani. Amma ina da hali guda mai kyau, in na yi kuskure ina faɗa, ko da bayan shekara tara ne.

A lokacin tana zaune ne a tagar wani ofishin sayar da tikiti kusa da babbar tashar jirgin ƙasa, inda mutanen kudu irinmu ke fara tsayawa in sun sauka. Abu biyu ake sayarwa a tagar. Akwai katin zaga gari na kwana uku, wuri tara, da motar bas mai kai ka, ta jira ka minti arba'in, ta wuce da kai gaba. Akwai kuma tikitin wuri ɗai-ɗai, ka saya ka kai kanka. Mai ofishin, Ustaz Midhat, katin yake so a sayar, har ya manna hotonsa a gilashi ya kusa rufe fuskar mai sayarwa. Ita kuwa, gajeriya mai jiki, da tabarau rataye a zare da ɗan shuɗin gicciye a wuyan hannu, ba ta miƙa wa kowa komai sai ta ɗaga daga kujera ta leƙo ta ga ƙafarsa. In ɗalibai ne masu takalmin gudu, ta ba su kati ta ce su je su gaji. In ango ne da amarya, ta ba su kati, ta ce ai su ba kallo ya kawo su ba. Amma in ta ga kumburarriyar ƙafa cikin silifa, ko sanda, ko mace da yaro a kafaɗa, sai tambayoyi su tashi, layi ya tsaya, Ustaz Midhat ya riƙa buga biro a tebur daga ciki.

Mu ido ne ya kawo mu. Babana, Hajji Dandarawi, idonsa na dama ya riga ya tafi, na hagu kuma yana bin sa. Likita ya sa aiki ranar Alhamis da safe, bai kuma ɓoye mana ba, ya ce ko idon ya gyaru, ko ɗan abin da ya rage ya tafi gaba ɗaya. Ranar Talata ce ya faɗa mana haka, wato Laraba kaɗai muke da ita. Muna fitowa daga asibiti Baba ya ce yana so kafin Alhamis ya ga wasu mutum biyu.

Na ɗauka dangi ne, har na fara tunanin abin da za mu riƙa musu. Ashe na dutse ne. Baba ya yi shekara arba'in da ɗaya yana tono, kamar ubansa da kakansa da rabin mazan garinmu, waɗanda Turawa masu binciken tarihi ke aikowa a ɗiba duk hunturu. Abin da ya fitar daga ƙasa da hannunsa ba ya ƙirguwa, kuma bai taɓa bin ko ɗaya zuwa gidan tarihi ba. Yakan ce aikinsa a bakin rami yake ƙarewa. Sai waɗannan biyun, miji da mata na farin dutse zaune a kujera guda, da ya tono yana ɗan shekara ashirin da huɗu. Bai san sunansu ba, bai san lambarsu ba, bai san gidan da aka kai su ba. Abin da ya riƙe kawai, shekarar da aka haifi yayana Hammam ce, shekarar da kuma Baturen nan mai jan gemu ya faɗa rami ya karya ƙafa.

Ni malamar lissafi ce, ba na son a zo mini da wataƙila. Cikin wuri taran da ke kan katin, biyar gidajen tarihi ne. In muka bi motar farko, muka tsallake sauran, za mu leƙa biyar ɗin kafin la'asar, kuma dole mutanen Baba suna cikin ɗaya. Na tsara komai a bayan takardar asibiti, da awa da minti, na ja Baba zuwa tagar ina jin kaina.

"Kati biyu," na ce, na tura kuɗi.

Ta leƙo ta dubi ƙafar Baba, ta dubi sandarsa, sannan ta tsaya a kan idon da yake ta sharewa da gefen rawani.

"Hajji ne zai bi mota wuri tara?"

"Biyar. Gobe kaɗai."

"Biyar a wuni guda! Ke da wa kuke faɗa, da shi ko da ƙafarsa?"

"Baiwar Allah, kuɗina ne, ubana ne. Ba ni kati."

"Kuɗinki ne mana, wa ya ce na maƙwabta ne? Hajji, idon nan awa nawa yake yi maka aiki a rana kafin ya fara ruwa?"

Wata takwas ina yawon asibiti da shi, ban taɓa yi masa wannan tambayar ba. Baba ya ce in da safe ne, kuma bai sha hasken rana ba, yakan samu awa biyu. Daga nan sai dishi-dishi.

Ta miƙo hannu ta juya takardata ta karanta. "Malama ce ke, ko? Na gani. To kin ji, Ustaza, awa biyu. Ta farko za ta ƙare a cunkoson gada, ta biyu a kan matakala. Wuri na uku yana lalube za ki shigar da shi."

Na ce mata ba mu san inda abin da muke nema yake ba, shi ya sa. Wani mai jaka a bayanmu ya ce haba jama'a, jirgi zai hau. Ta ce masa jirgi a tasha yake, ba a tagarta ba. Sannan ta tambayi Baba me yake nema, ya faɗa mata, farin dutse, miji da mata, hannun matar a bayan mijin.

"Fuskarsu fa?"

"Ban taɓa gani ba, baiwar Allah. A kife na same su. Kwana huɗu ina share bayansu da burushi. Ranar da za a juya su aka ja igiya aka mai da mu leburori baya, manya suka kewaye, kafin a sake mu an naɗe su cikin auduga an sa a akwati."

"To da me za ka gane su?"

Baba ya juyo ya ce, "Sabriyya, matsa can." Ban matsa ba, ya kuma san ba zan matsa ba. A garinmu namiji zai yarda a kira shi matsoraci kafin ya yarda ƙarfensa ya taɓa abin da ke kwance cikin ƙasa. Da wannan ake ɗaukar mutanenmu a bar na wasu garuruwan. Wanda ya sari abu an sallame shi ke nan, kuma za a riƙa faɗa har a kan jikokinsa. Baba da kansa ya kori samari biyu a kan haka lokacin da ya zama babba a rami. Shi ne ya kai bakinsa kusa da gilashi ya rage murya.

"Da fatanya na same ta, kafin in san da mutum a wurin. Kafaɗar matar, ta hagu, ta baya. Wuri ya ɓalle kamar ƙwallon dabino. Na shafe da laka, ɓallin na jefa a kwandon ƙasa. Ko uwar wannan ban gaya wa ba har ta rasu."

Na rasa inda zan sa idona. Abla Damyana ta cire tabarau ta bar shi yana lilo a ƙirjinta.

"A tsaye saran yake ko a kwance?"

"A kwance. Ya ɗan karkata."

"Wayyo Allah! Shekara goma sha shida ina tsine wa wanda ya yi saran nan, ashe kai ne, Hajji!"

Ustaz Midhat ya fito yana cewa, "Madam Damyana, layi!" Ta tashi ta ba shi kujerar, ta ce ya zauna ya sayar, ai ya iya ƙirga. Ta zagayo waje da wayarta a hannu.

Sauran labarinta daga baya na ji shi, a guntu-guntu, a kan shayi a ɗakinta. A wani ƙauye kusa da Minya aka haife ta. Tana shekara tara ubanta ya samu aikin gadin ƙofa a wani bene a Alƙahira, suka tare su bakwai a ɗakin ƙarƙashin matakala. Ta auri Fahim mai guga, mutum mai raha da ciwon ƙirji, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata biyu tana shekara talatin. Wata maƙwabciya ta samo mata aikin shara a tsohon gidan tarihi, ta shiga da bokiti da tsumma, kullum kafin a buɗe ƙofa. Ta ce makon farko ba ta yarda ta juya wa gumakan baya ba, don tsoro. Da ta saba sai ta raɗa musu suna, wannan Mai Tumbi, wancan Surukina, tana shara tana ba su labarin tsadar mai da rashin jin 'yarta ƙarama. Takan ce masu kallo fuska suka sani, masu gadi ƙofa suka sani, masu shara su suka san baya. A bayan kafaɗar wata mata ta farin dutse akwai wani ɗan rami mai tara ƙura, duk Asabar sai ta naɗe ƙaramin yatsa da tsumma ta zura ta goge shi tana mita.

Da gwiwa ta ƙi, sai ta shiga ajin yamma tana shekara arba'in da shida, tare da yara sa'o'in 'ya'yanta, ta samu takardar da ta kai ta taga. Duba ƙafar mutane kuwa a gidan tarihin ta koye shi. Ta ce ta gaji da ganin tsofaffi zube a benci sun cire takalmi, 'ya'yansu na tsaye a kansu da takarda suna cewa saura wuri huɗu. Sau uku Ustaz Midhat yana cewa zai sallame ta, sau uku yana fasawa, don ya lura mutanen kudu in sun sauka jirgi tagar gajeriyar nan suke tambaya. 'Ya'yanta biyu da wannan tagar ta aurar da su. Ta yi ritaya bara waccan, kuma har yau in ka shiga ɗakinta ƙafarka take fara kallo.

Amma a ranar ban san ko ɗaya cikin wannan ba. Na dai ga tana ihu a waya da wata Umm Hani, tsohuwar abokiyar shararta da har lokacin take aiki a can. Da ta gama ta dawo fuskarta ba yabo ba fallasa. Ta ce ita shekara goma sha ɗaya rabonta da wurin, kuma ana ta kwashe kaya ana kai wa sababbin gidaje. Umm Hani tana hutu, 'yarta ta haihu. Ganin Umm Hani na ƙarshe da gumakan mako uku ke nan, a bene, ƙarshen dogon zaure, amma ta bar kafintoci suna haɗa akwatuna a ɗakin.

Ta koma ciki ta ture Ustaz Midhat, ta ajiye kati biyu a hannun dama, ƙananan tikiti biyu a hannun hagu.

"Ban rantse miki ba, Ustaza. Wataƙila suna nan, wataƙila suna cikin akwati. Wataƙila ma saran wani ɗan Ƙuft ne daban mai rawar hannu. Ki zaɓa."

Tsoro ya kama ni, ni kuma in na ji tsoro faɗa nake yi. Katin ko ba komai ƙofa biyar yake buɗewa. Tikitin ƙofa ɗaya ce, in ta zama ba ita ba shi ke nan. Na ce, "In ba su nan fa? Ke za ki ba shi wata Larabar?"

"A'a, ba ni da ita. Amma in kika bi mota, ko suna nan ba zai gan su ba."

Na fizgi tikitin biyu, ko na gode ban ce ba. Muna tafiya tana ɗaga murya a bayanmu, wai mu hau tasi, mu isa kafin a buɗe ƙofa, in sa masa baƙin tabarau, ya rufe idonsa tun daga mota. "Kar ki bari ya kalli komai a hanya, ko zinariya ce!"

Haka aka yi. Laraba da safe na shiga gidan tarihin da Baba a bayana, hannunsa a kafaɗata, idonsa a rufe. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana fito da irin waɗannan abubuwa, ga shi yana ratsa tsakiyarsu bai ga ko ɗaya ba.

"Me muka wuce?"

"Ba komai, Baba."

"Ƙarya kike, na ji Turawa sun ja numfashi."

"Matakala, ɗaga ƙafa."

A ƙarshen zauren na ji ƙamshin sabon katako. Rabin ɗakin an ja masa igiya, akwatuna jere, wasu an riga an buga musu ƙusa. Na bi bango da ido ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Can a lungu na hango su, miji da mata a kujera guda, an yi wa gindinsu alama da alli. Ba su kai girman da na zata ba.

Na tsayar da shi a gabansu na cire masa tabarau. Ya buɗe ido, ya ƙifta, ya duba sama da ƙasa.

"Ban san su ba," ya ce.

Ina zai san su? Bayansu yana jikin bango, tsakani bai fi taƙi ɗaya na hannu ba. Baba ya matsa gefe zai leƙa, mai gadi ya ce, "Hajji, bayan igiya." Na buɗe baki ke nan zan sauke masa abin da ke cikina tun jiya, sai ga wata doguwar mata cikin baƙaƙen kaya da leda a hannu tana haki. Umm Hani ce. Abla Damyana ta sake kiranta da sassafe, ta baro mai jego a Imbaba ta hau mota biyu.

"Kai Sha'aban, matsa, baƙin Damyana ne. Ba taɓawa zai yi ba, ya fi ka sanin darajarsu."

Ta ciro ɗan madubin kwalliya daga ledar, ta kunna fitilar waya, ta zura su a bayan kafaɗar matar. Baba ya sunkuya har rawaninsa na gogar bango. Ya daɗe. Ina ganin yatsansa ya ɗago, ya kai kusa da madubin ya tsaya.

"Shi ne," ya ce. "Sarana ne."

Umm Hani ta jawo kujerar mai gadi ta ajiye a gaba, Baba ya zauna ya ɗora haɓa a kan sanda. Kafintoci suka zo suka gan shi, suka koma ɗaya gefen da aikinsu. Can na ji yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Sabriyya, zo ki gani. Ashe murmushi take yi. Shekara arba'in da bakwai ina ganinta a raina ta ɗaure fuska."

Ya zauna awa ɗaya da rabi. Da idon ya fara ruwa ya share, ya sake dubawa, ya sake sharewa, sannan ya ce ya isa, mu tafi. A hanyar fita bai nemi ganin komai ba.

Aikin bai yi ba. Bayan mako guda aka cire bandeji, Baba yana bambance haske da duhu, iyakarta ke nan. Na yi kuka a bayan ƙofar likita, shi ne ma yake ba ni haƙuri. Ranar da za mu koma na zaunar da shi a tasha wajen ƙanena, na je na bi layin tagar kamar kowa. Da na iso ta leƙo ta dubi ƙafata, ta ɗago ta gane ni.

"Idon fa?"

Na girgiza kai. Ta zuro hannu ta ƙarƙashin gilashi ta riƙe nawa. Na ce mata na yi mata rashin kunya, kuma da na bi son raina da na ƙarar da Larabar ubana a kan matakala. Ta ce in bar wannan, ai ta saba, malamai sun fi kowa taurin kai.

"Ya ce in gaya miki murmushi take yi."

"Wa?"

"Matar."

"Murmushi? Kin san ban taɓa lura ba. Mu kanmu a ƙasa yake, a gama kafin a buɗe ƙofa."

Na ce ta ba ni tikiti ɗaya na tsohon gidan. Ta yago ta miƙo, na biya, na mayar mata da shi ta ƙarƙashin gilashin. Ta dube shi ta dube ni.

"Ke dai ba ki da wayo, Ustaza. Ni da zan ce Sha'aban ya buɗe mini ƙofar baya?"

Amma ta ninke shi ta sa a jakarta.

Ranar Lahadi da hantsi muna gida Ƙuft, Baba yana zaune a dakalin ƙofar gida fuskarsa na fuskantar rana, wayata ta yi ƙara. Ita ce. Ta ce daga coci ta wuce, ta ƙofar gaba ta shiga, ga ta a gaban miji da matar nan na dutse, an ce jibi za a sa su a akwati. Ta ce in ba ta Hajji. Na kara masa wayar a kunne, na zauna a gefensa ina jin muryarta tana fita. Ta fara daga gashin matar ta gangaro goshi. Baba ya ce a'a, ta sake dubawa, girar hagu ta fi ta dama tsawo. Ta duba, ta ce gaskiyarsa. Ta ce hancin siriri ne, ya ce ta matsa gefen taga ta gani, akwai ɗan tudu a tsakiya. Har shayinsa ya huce a ƙasa suna nan, tana faɗa yana gyara mata.